Tukwicin Faifan Kano

Ke babbarku da ba na kama sunanki, da kai Nasiru, da ke Auta, wannan babin naku ne. Ku karanta shi a zaune, ba a tsaye kuna latse-latsen waya ba. Ranar sunan ɗan Nasiru na ga abin da ya ɓata mini rai. Malama Zuwaira ta shigo da 'yar ledarta ta barka, ta durƙusa ta gaishe ni, ta juya ta gaishe ku, ku matan nan biyu kuka amsa mata a daƙile kamar an sa muku wuƙa a wuya. Auta har da guntun tsaki. Na ji shi sarai, kunnena bai mutu ba tukuna, baƙi ne suka hana ni magana. Na san abin da ke ranku. Kun tashi da labarin cewa ita ce ta ƙwace wa uwarku ɗakin kwamfuta a makaranta, ta sa aka tura ni kicin. Kawunku Ilu ne ya shuka wannan labarin, ya yi ta ba shi ruwa shekara da shekaru, ni kuma na yi shiru don ba na son in ƙaryata yayana a gaban 'ya'yana. To shirun ya isa haka. Ga yadda aka yi.

Sai na koma baya kaɗan, zuwa zauren gidanmu na cikin gari. Kakanku, Allah ya jiƙansa, maɗinkin babbar riga ne, ɗinkin hannu, kuma yana da wani tambari nasa na bayan riga da babu wanda ya iya fitar da irinsa a Daura. Mutane daga Zango da Sandamu, har da na ƙetaren iyaka, sukan kawo masa yadi su jira wata da watanni. Ɗinkin a zaure yake yi kowa na gani. Amma zanen, wato yadda yake fara shata shi da alƙalami da tawada kafin allura ta taɓa yadi, wannan a ɗakinsa yake yi, asabari a sake. Ni kuwa tun ina 'yar ƙarama hannuna ke ƙaiƙayi. Ni ke sa masa zare a allura in idonsa ya gaji. Wata rana na leƙa ta gefen asabarin, ya ɗago ya gan ni, ya ja wani ƙyalle ya rufe yadin.

"Habi, koma wajen uwarki."

"Baba, kallo kawai zan yi."

"Ke gidan wani za ki. In na koya miki, gidan wani na koya wa. Wannan na Ilu ne."

Ilu kuwa ko ɗaure shi aka yi ba zai zauna da allura ba, ransa na wajen babura. Baba ya yi ta jira ya nutsu, bai nutsu ba, har ciwon ajali ya zo. Tambarin ya bi Baba kabari. Riga ɗaya ta rage mana, tana cikin akwatina, na sha juya ta ciki waje ina bin zaren da yatsa, har yau ban gano ta inda ya faro ba. Ba aibata ubana nake yi ba, haka ya tarar ana yi, kuma da wannan allurar ya ciyar da mu. Amma abin ya tsaya mini a rai.

Ƙaiƙayin hannun nan sai ya ƙare a kan tafireta. Na koyi bugu, na zama malamar bugun tafireta a makarantar 'yan mata ta kwana da kuka sani, kuma ba yabon kai ba, ina bugawa ina hira, ba na kallon madannai. Shekara ashirin da wani abu ina cikin ɗakin nan. Sai zamani ya juya. Aka ce jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta, tafireta ta zama kayan tarihi. Shugabar makarantarmu mace ce mai kirki, amma takarda ke juya ta. Ta kira ni ofis ta nuna mini wasiƙa: ƙarshen shekara za a rufe ɗakin tafireta, ni kuma tunda ba ni da takardar shaidar kwamfuta, za a ba ni kula da kicin da sito. Kicin! Ni da na koya wa rabin sakatarorin ƙaramar hukuma bugu, in koma auna gero da leƙa tukwane. Na fito daga ofishin, na shiga ɗakina na rufe ƙofa na yi kukana.

Abin haushin, kwamfutoci muna da su. Wasu masu taimako sun taɓa kawo tsofaffi guda goma sha biyu, aka yi musu biki da jawabi, suka yi 'yan watanni suka fara ciwo ɗaya bayan ɗaya. Ka kunna, ka je ka yi alwala ka yi salla ka dawo, ba ta gama farkawa ba. Mai gyara ya zo ya duba ya ce manhajar da ke tuƙa su ta yi musu nauyi, ga cuta ta cinye su, sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Aka jibge su a sito kusa da buhunan masara, ɓeraye na wasa a kai. 'Yan matanmu kuwa, da yawansu daga ƙauyukan Dutsi da Sandamu, za su shiga jarrabawa a kan abin da hannunsu bai taɓa taɓawa ba.

Ana cikin haka takardar gayyata ta zo, wai ana taron masu fasahar kwamfuta a Kano, kowace makaranta ta turo mutum ɗaya. Lokacin gyaran takardun jarrabawa ne, kowa ya noƙe. Shugaba ta dube ni.

"Malama Habi, ke ce mai madannai. Je ki ki wakilce mu, ko iska kya sha."

Na faɗa wa babanku, ya ce in je, in sauka gidan ƙanwarsa, gwaggonku ta Kano. Na soya ƙuli-ƙuli, na daka dakuwa, na ƙulle mata tsaraba, na hau mota ta hanyar Kazaure. Motar ta makara wajen cika, saboda haka ban biya gidan ba, kai tsaye wurin taron na nufa da ƙullina a hannu kamar mai zuwa biki.

Wayyo, 'ya'yan nan, ban taɓa jin ƙauyanci irin na ranar ba. Ƙaton zaure mai sanyi kamar cikin randa, fitilu kala-kala, manyan kamfanoni kowa ya kafa rumfarsa, samari da kwat suna ta zuba Turanci ta hanci. Duk rumfar da na tsaya na ce ina da tsofaffin kwamfutoci sun ƙi tashi, amsar ɗaya ce: ki zubar, ga sababbi. Wani ma bai bari na ƙarasa ba, ya miƙo mini takarda mai ƙyalli yana kallon bayan kaina. Kafin azahar na riga na yanke shawara in yi salla in kama hanyar gidan gwaggonku. Ina neman wurin alwalar mata ne, can ƙarshen zauren inda sanyin ba ya kaiwa, na ga wasu tebura biyu a jere, babu fitila babu ƙyalli. Abin da ya tsayar da ni, a kan kowanne akwai tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya, irin namu na sito sak, kuma a kunne, suna aiki. Na nufi na farko, sai idona ya faɗa kan hoton da aka manna a jikinsa: wani jan abu mai ƙaho biyu da wutsiya, riƙe da mashi mai baki uku, yana murmushi.

"A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim!" na faɗa da ƙarfi, na yi baya har ƙullina ya kusa faɗuwa.

Dattijon da ke zaune a wurin, mai furfura da tabon salla a goshi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Matar teburin kusa ta miƙe tana tafa hannu.

"Malam Bello, na faɗa maka! Ta uku ke nan yau. Hajiya, taho wajenmu, mu tsuntsu ne da mu."

Nata hoton wani tsuntsu ne mai tumbi, baƙi da fari, zaune dirshan kamar ya ƙoshi da tuwo. Sunanta Talatu, 'yar wajen Jos ce, Hausarta tas. Ta ja mini kujera. Dattijon ya ce hoton nan zanen barkwanci ne kawai na waɗanda suka fara abin, shi ma ya sha fama da mutanen gidansa a kansa. Na ce ko ma mene ne, ba zai shiga makarantar 'yan mata a Daura ba, sai iyaye su kwashe 'ya'yansu. Ya ce ya yarda, ba zai ja ba.

Talatu ta yi mini bayani da Hausa, ba ta sa mini Turanci sai inda ya zama dole. Ta ce kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tayar da ita ta tuƙa ta, in babu ita akwati ce kawai. Tata sunanta Linux, ta dattijon BSD, tsari ɗaya suka gada, shi ya sa duk taron da aka je ake ajiye su kusa da juna suna tsokanar juna kamar taubasai. Ba wani kamfani ɗaya ke da su ba. Mutane ne barkatai a duniya, kowa ya sa hannu ya gyara inda ya iya. Kuma akwai marar nauyi, wadda tsohuwar kwamfuta za ta ɗauka ba tare da nishi ba. Sannan ta faɗi abin da ya sa na gyara zama.

"Kuma a buɗe take, Hajiya. Yadda aka rubuta ta tun daga tushe yana nan, duk mai so ya karanta, ya kwafa, ya gyara. Ba a ɓoye komai ba."

"Har zanen?" na ce, ban san ya fito ba.

"Wane zane?"

"Bar shi kawai. Nuna mini."

Ta buɗe wani baƙin allo, babu hoto babu ado, sai ɗan farin layi yana ƙyafta ido. Ta ce a nan ba a taɓa linzamin kwamfuta, umarni ake rubuta wa kwamfutar ta bi. Ta rubuta layi biyu a takarda ta ce in gwada a hankali. A hankali? Na aza yatsuna takwas inda suka saba zama, na zuba mata su ina kallon fuskarta. Malam Bello ya taso daga teburinsa.

"Kai! Talatu, wannan ai tamu ce. Hajiya, ina kika ɓuya?"

Wallahi tun da shugaba ta nuna mini wasiƙar nan ban ji ni mutum ce ba sai a wannan lokacin. Na yi sallata na dawo, ban ƙara leƙa rumfar kowa ba. Talatu ta sa na goge kwamfutarta na sake ɗora mata manhajar da hannuna har sau biyu, ina rubuta kowane mataki a littafina. Da aka zo tashi ta ɗauko faifai mai ɗauke da manhajar ta sa a ambulan, ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce kyauta ne. To kun san tarbiyyar gidanmu. Innarmu ko ƙwaryar fura aka aiko mata, wanda ya kawo ba ya komawa hannu rabbana, sai an ba shi tukwici. Na duba jakata, na duba ƙullin gwaggonku, na ce Allah ya ba ta haƙuri. Na kwance na juye musu ƙuli-ƙuli da dakuwa a kan tebur, tsakanin tsuntsu da mai ƙaho. Talatu ta hau cewa a'a, a'a, ba a biya. Raina ya ɓaci.

"Wa ya ce biya nake? Na yi miki kama da mai sayen kyauta? Tukwici ne. In ba za ki karɓa ba, riƙe faifanki."

Malam Bello ya riga ya kai dakuwa baki.

"Karɓi, Talatu, kada ki ja da mutuniyar Daura." Ya haɗiye, ya dube ni, dariyar ta ɗan lafa. "Amma Hajiya, mu 'yan aike ne kawai, namu mun ci. Masu kyautar suna da yawa, ba su san ki ba, ba su da ƙofar gida ɗaya da za ki je ki yi sallama ki yi godiya."

"To yaya zan yi da su?"

"Abu ɗaya suke so. Kada abin ya tsaya a hannunki."

Na juya ambulan ɗin a hannuna. Na ce, "Wato tukwicinsa in koya wa wani."

"Kin faɗa fiye da yadda zan faɗa."

"To na ɗauka."

Ban san nauyin abin da na ɗauka ba. Gwaggonku kuwa har ta koma ga Allah tana yi mini gorin na zo mata Kano hannu na dukan cinya.

Na dawo na roƙi shugaba makullin sito. Ni da maigadi muka kwaso kwamfutocin zuwa ɗakin tafireta, na kakkaɓe kashin ɓera, na share su da tsumma. Ana kunna janareta da safe saboda ofis, sai na jawo waya daga can. Ta farko ta ba ni wuya kwana huɗu. Na yi ta kiran Talatu a waya har na ji kunya, ita kuwa ba ta taɓa nuna gajiya ba, sai ta ce, "Karanto mini abin da ta rubuta, Hajiya, ita ba ta ƙarya." Rana ta biyar da hantsi allon ya haska, ta tashi garau. Na rangaɗa guɗa ni kaɗai a ɗaki, har malamin lissafi ya leƙo ya ga ko lafiya. Kafin hutu tara sun tashi. Uku kam sun mutu murus, na ciro kayan cikinsu na yi wa sauran faci. 'Yan mata suka fara shigowa layi-layi, waɗanda na koya wa tafireta cikin mako guda hannunsu ya faɗa. Shugaba ta daina maganar kicin. Ba ta ce an fasa ba, ta dai daina.

Farkon sabon zango aka turo mana Zuwaira, sabuwar malama, da digirinta na kwamfuta. Ta shigo ɗakin ta zauna gaban ɗaya, ta laluba, ta laluba, ta ɗago.

"Anti, wannan ba irin wadda aka koya mana ba ce. A takarda kawai na taɓa ganin sunanta. Don Allah ki nuna mini yadda kika yi."

Na ce mata sai Litinin. Ranar Juma'a ce, na koma gida da abin a raina, Kawunku Ilu kuma ya biyo daga masallaci cin abinci kamar yadda ya saba. Na ba su labari shi da babanku. Ilu ya ajiye cokali.

"Habi, kina da hankali kuwa? Allah ya ba ki abin da babu mai shi a duk ƙasar Daura, ki ɗauka ki miƙa wa yarinya mai digiri? Ranar da ta iya, ranar za a tuna ba ki da takarda. Ki nuna mata kunnawa da kashewa, sauran ki riƙe. In ta lalace dole a nemo ki. Haka Baba ya yi, har ya rasu ana layi a ƙofarsa."

"Yaya, ina tambarin Baba yanzu?"

"Kada ki kawo mini wannan maganar."

"Ai kai aka ajiye wa. Yana ina?"

Ya tashi ya zura takalmi, bai ƙarasa abincin ba. Na yi nadamar yadda na faɗa, don yayana ne, kuma ba ƙarya ya yi ba, tsoron da yake ji mini gaskiya ne. Na juya wajen babanku ina jira ya raba gardama. Kun san shi da ƙarancin magana.

"Kin ce musu kin ɗauka?"

"Na ce."

"To me kike tambayata?"

Kada ku ɗauka ni waliyyiya ce. Asabar da Lahadi na yi su ina saƙa da warwara. Har na tsara yadda zan yi: in koya mata rabi, littafina kuma in ce ya ɓace. Wa zai sani? Talatu tana can garinsu, Malam Bello ƙila ko sunana ya manta. Ranar Litinin na shiga ɗakin, littafin na can ƙasan jakata, na tarar Zuwaira ta riga ni zuwa. Na zauna zan tayar da wata da ta sake ƙin tashi, sai na ji ta a bayana, ta ɗan leƙo ta gefen kafaɗata a ɗarare, tana tsoron kada in ji haushi. Sai na ga hannuna ya kama gefen mayafina, zai ja ya tare allon. Na dubi hannun nan. Na saki mayafin.

"Zuwaira, jawo kujera ki zauna sosai. Ba a koyo a tsaye."

Na zaro littafin na buɗe shafin farko, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Zango guda muna tare. Kanta na ja, ta wuce ni nesa ba kusa ba, har ta haɗa kwamfutocin suna magana da juna, ta sa musu jarrabawar gwaji irin wadda yaran za su tarar. Na koya wa malamai biyu na makarantar maza, na kwafi faifan na aika Zango da Dutsi. Duk wanda na ba sai na ce masa kyauta ne, tukwicinsa ya koya wa wani.

Maganar Ilu kuwa ba ta faɗi ƙasa ba. Ƙarshen shekara masu duba makarantu suka zo, suka yaba ɗakin, suka tambayi takardar mai kula da shi. Bayan wata ɗaya wasiƙa ta iso: ɗakin kwamfuta na Malama Zuwaira, Malama Habi kicin da sito. Abin da ba ku sani ba, Zuwaira ta je ofishin shugaba tana kuka ta ce ba za ta karɓa ba, har ta rubuta takardar neman a canja mata makaranta. Ni na fizge takardar daga hannunta na yaga. Na ce in ta tafi wani za a turo da bai san komai ba, ya ce a kira 'yan gwangwan.

"Anti, da wane ido zan dube ki?"

"Da waɗannan biyun. Ki goge su kafin yara su gani."

Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Shekara shida na yi a kicin kafin in yi ritaya. Akwai safiyar da ina tsaye kan masu tuƙa tuwo, in jiyo ƙarar madannai ta taga, sai in juya baya in ce hayaƙi ne ya shiga idona. Ilu ya yi wata uku bai taka gidanmu ba, da ya dawo kuma kullum sai ya ce, "Ai na faɗa miki." Amma 'yan matan shekarar sun shiga jarrabawarsu hannu bai yi rawa ba. Kuma duk ranar da wata kwamfuta ta yi gardama, Zuwaira takan zo har bakin murhu ta ce, "Anti, zo ki duba mini wannan," alhali ta san maganinta, daga baya na gane hakan. Tuwon makarantar ma ya gyaru a hannuna, ku tambayi kowa.

Bara, Nasiru, ka tuna ka kai ni Katsina ganin likitan ido, muka tarar sai la'asar zai zo, ka ce akwai wani taron kwamfuta kusa, mu shiga mu sha sanyi. Kai ka tsaya wajen masu wayoyi. Ni kuwa ƙafata ta san hanya, na bi ta ƙarshen zaure wajen wurin alwala. Suna nan. Har yanzu a lungu ake ajiye su, har yanzu tebura biyu, tsuntsun na nan da tumbinsa, mai ƙahon ma na nan, na yi masa a'uziyya ƙasa-ƙasa don sabo. Babu Talatu, babu Malam Bello. Wata matashiya ce da hijabi ruwan toka, ba ta kai shekarunki ba, Auta, ban taɓa ganinta ba. Ta gaishe ni ta ja mini kujera ta hau yi mini bayani, ni kuma na yi kamar ban san komai ba. Na tambaye ta 'yar ina ce, ta ce Dutsi. Wa ya koya mata? Ta ce wani malaminsu ne, shi kuma wata Malama Zuwaira ce ta koya masa a Daura. Ba ta ambaci sunana ba, ina za ta san shi? Da zan tashi ta ɗauko ɗan filashi, don yanzu an daina faifai, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Mama, ga shi, ki kai wa jikokinki. Kyauta ne. Tukwicinsa ki koya wa wani."

"Wa ya ce miki haka ake faɗa?"

"Haka muka taso muka ji ana faɗa, Mama."

Na riƙe hannunta da filashin gaba ɗaya, hawaye na zubo mini. Ta tsorata ta ce ko jikin ne. Na ce idon ne, shi ya kawo ni Katsina. Na laluba jaka, dabino ne kawai a ciki, na juye mata a kan tebur. Ta fara a'a, a'a, na ce yarinya, kada ki ja da mutuniyar Daura. Da ka same ni a mota kana tambaya me ya sa idona ya yi ja, ce maka na yi sanyin wurin ne.

Na gode wa Allah da ya makarar da motar nan, ya kai ni wurin da ƙulli a hannu. Na gode wa Talatu da Malam Bello, da mutanen da ban san ƙofar gidansu ba, da babanku da ya amsa mini tambaya da tambaya. Ilu ma na gode masa, tsoronsa na ƙauna ne. Rigar Baba tana cikin akwati, filashin yana cikin aljihunta. In ta Allah ta kasance, ku ba da su ga duk wanda ya ga zai iya gano zanen, ko ɗan gidan waye ne, mace ko namiji. Amma kafin nan, ranar Juma'ar nan, ku ukun ku shirya ku je gidan Malama Zuwaira. Ba waya ba, da ƙafarku. Auta, ke za ki fara gaisuwa, kuma ki durƙusa har ƙasa. Ƙuli-ƙulin da za ku kai, ni zan soya.